Yadda ƙaramar hukuma za ta tantance aiki kafin ya cinye mazaunin namun daji a jihar Maraɗi

Takardar da ke shaida cewa aiki ya dace da muhalli ba daga ma'aikatar magajin gari take fitowa ba. Ministan muhalli ne ke sa mata hannu a Yamai, bayan BNEE, hukumar ƙasa mai tantance illar ayyuka ga muhalli, ta duba rahoton bincike. Shi ya sa a ƙananan hukumomi da yawa ake ganin zancen ba nasu ba ne, sai a zauna jiran mutanen Yamai. To, kafin su iso an riga an nuna fili, mai gari ya sa hannu, an kafa turaku, wani lokaci ma kamyo ya fara zuba yashi da tsakuwa. Abin da rahoto zai iya gyarawa daga nan kaɗan ne. Makomar tabki, ko burtali, ko kurmin gawo, ranar zaɓen fili ake yanke ta, kuma ranar nan magajin gari ne a wurin, da sakataren COFOCOM, wato kwamitin filaye na ƙaramar hukuma, da ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma, da mai gari. Su ne wannan bayani ya shafa, tare da duk mai shirin gina kasuwa, gidan mai, hanya, garka ko yankan filaye.

Takardun da ya kamata su kasance a hannu

Dokar 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ita ce ta shimfiɗa ƙa'idar tantance ayyuka a Nijar, dikiri 2019-027 na 11 ga Janairu 2019 kuma ya fayyace yadda ake bin ta. A jikin dikirin akwai jerin ayyuka da ajin kowane, wato irin binciken da za a yi masa. Ku buga wannan jerin, ku ajiye shi inda ake karɓar takardun neman fili da izinin gini. Sauran da za a riƙa komawa gare su: dokar gandun daji 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004, dokar farauta da kare namun daji 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, dokar kiwo 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010, da dokar filayen karkara (Code Rural) 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda daga cikinta kwamitocin filaye suka fito, COFOB a ƙauye, COFOCOM a ƙaramar hukuma, COFODEP a gunduma.

Mataki na 1: a riƙe zancen fili, a rubuta sanarwar aiki

Da mai aiki ya zo, ko ɗan kasuwa ne ko ƙungiya ko ita kanta ƙaramar hukumar, kada a fara da tambayar "ina kake so?" A fara da girman abin. A rubuta a shafi biyu ko uku: wane irin aiki ne, hekta nawa zai ci, ruwa nawa zai sha a rana kuma daga ina, wace irin ƙazanta zai fitar, ina za a ɗebo yashi da marmara, ta wace hanya manyan motoci za su bi, wata nawa za a yi ana gini, mutum nawa za su kwana a wurin. Tambayoyi huɗu na ƙarshe su ne aka fi mantawa, alhali sau da yawa ɓarnar ramin marmara da sansanin leburori ta fi ta ginin kansa.

Sannan a nemi fili biyu ko uku, ba ɗaya ba. In fili ɗaya ne kan tebur, kowa zai shiga neman hujjar da za ta sa ya yi daidai. A ɗauki lambobin GPS na kusurwa huɗu na kowane fili (wayar hannu ta wadatar a wannan mataki), a kai wa COFOCOM ta ɗora su kan taswirar burtuloli, makiyaya, tabkuna da dazuzzukan gwamnati. Filin kiwo dukiyar al'umma ce, doka ta hana wani ya mallake shi shi kaɗai, don haka takardar saye da aka yi a kansa ba ta da ƙarfi ko da hatimin wane ne a jiki. A yankin Dakoro da Bermo a ƙara duba ko filin ya haura iyakar noma ta arewa wadda dokar 1961 ta shata.

Akwai wuraren da jin sunansu kaɗai ya isa a kira ma'aikatar muhalli ta jiha tun ranar farko. Gandun namun daji na Gadabeji, hekta 76,000, an keɓe shi tun 1955, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin yankunan kare halittu na duniya a 2017 tare da yankin da ke zagaye da shi, wanda ya haura hekta miliyan 1. A nan ne aka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure a watan Nuwamba 2018, kuma raƙumin dawa bai san inda iyakar gandu ta tsaya ba. Tabkin Madarunfa ya shiga jerin Ramsar na dausayoyin duniya a 2019, ga dajinsa, ga kaburburan waliyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. Sai dajin Baban Rafi, goribar Gulbin Kaba a yankin Mayahi da Tasawa, kwarin Tarka, da fadamar Gulbin Maraɗi gaba ɗayanta.

Mataki na 2: a taka filin da ƙafa

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ha'inci. Zagaya fili cikin mota da tsakar rana a watan Afrilu ba zai nuna komai ba sai rairayi da sabara. Dabba ta shige rami, tsuntsu ya lafe, ruwa ya ƙafe, makiyaya ba su nan. Sai a rubuta "fili ne fako, babu kowa, babu komai."

A fita mutum biyar ko shida: ma'aikacin gandun daji, wakilin COFOCOM, wakilin mai gari, wani daga cikin mahalba, makiyayi ɗaya, da mace ɗaya cikin masu ɗiban itace ko ganye a wurin. In akwai ruwa kusa, a haɗa da sarkin ruwa ko wakilinsa. Mahalbi zai nuna ramin da damo ke ciki da wanda aka daɗe da bari, abin da mai digiri ba zai gane da kallo ɗaya ba. Kayan aiki: awon mita mai tsawon 50, awon tela, fenti ja da fari, littafi, waya mai ɗaukar hoto.

A fara da alamar ruwa. A tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, ba bara ba. A duba jikin itatuwa, akwai layin laka da ciyawar da ruwa ya rataya. A duba ƙasa: inda ta yi baƙi ta tsattsage, inda bagaruwa ta yi cincirindo, inda kacalla ta fito, duk wurin kwanciyar ruwa ne ko da yau ƙura ke tashi. A kafa turke a wannan layi, a ɗauki lambarsa. Garin Maraɗi kansa cikin kwari yake da farko, ambaliyar 1945 ce ta tilasta aka hau tudu, damanar 2024 kuma ta sake tuna wa unguwannin da suka gangara hanyar ruwa. Gini cikin fadama asara biyu ne: mai gini ya yi, tsuntsu da kifi su yi.

Sai ƙidayar itace. In filin bai wuce hekta 5 ba, ko kuma hanya ce, a ƙirga kowace bishiya ɗaya bayan ɗaya. A rubuta sunanta, a auna kewayen gindinta a tsawon mita 1.30 daga ƙasa (in an raba da 3.14 an sami kaurinta), a rubuta ko tana da kogo, ko sheƙa, ko amya, da sunan mai gonar. In filin babba ne, a yanka murabba'ai na gwaji: mita 50 da 50 cikin gonaki, a ninka abin da aka samu sau 4 a sami na hekta, mita 50 da 20 cikin daji, a ninka sau 10. A warwatsa su, wasu kan tudu wasu cikin kwari, kada duk su taru bakin hanya inda aka riga aka sare komai.

Kada a haɗa itatuwa a jimla ɗaya. Gawo, kuka, tsamiya, ɗorawa, kanya, ƙirya, danya, aduwa, goriba, kowanne da layinsa. Sabara da kalgo da geza in an sare su suna tohowa daga kututture cikin damana ɗaya ko biyu, ita kuwa tsohuwar kuka ko ƙirya ba a mayar da ita cikin rayuwar wanda ya sare ta. Tsohuwar bishiya mai kogo, wadda ɗan kwangila zai ce ai ta mutu rabi, ita ce gidan mujiya da cilakowa da jemage da zuma. Mujiya ke rage ɓeran gona, jemage ke barbarar furen kuka da dare. Gawo kuma shi ke da ganye da ƴaƴa lokacin rani, sa'ad da sauran suka kaɗe. A shafa wa irin waɗannan farin fenti tun ranar, alamar ba a taɓa su.

Dabbobi ba a ganinsu, sawunsu ake gani. A fito da asuba kafin garke ya fita ya tattake. A jera mutane tazarar mita 20, a bi layi miƙe, kowa na duba sawu, kashi, rami, gashi da saɓar maciji. Dabara mai sauƙi: da yamma a share rairayi a wuri uku ko huɗu bakin ruwa ko kan ƴar hanyar da ta ratsa daji, kowane faɗin mita 1 tsawon mita 3, a dawo da sassafe a ɗauki hoton abin da ya taka. A yi haka kwana uku a jere. A kudancin jiha za a fi samun zomo, bushiya, dila, damo, guza, makwarwa da zabon daji. A arewa a sa ido kan barewa, yanyawa, jan biri, tuje da babban kunkuru. Duk inda aka ga ungulu na kwana ko ta yi sheƙa, a rubuta bishiyar da lambarta: tun 2015 ungulun da muka saba gani a mahauta ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Tsuntsayen ruwa kuwa da lokacinsu. Baƙin da ke zuwa daga Turai suna tabkunanmu ne daga Oktoba zuwa Maris, shi ya sa ake ƙidayarsu tsakiyar Janairu. Shamuwa da balbela da damana suke sheƙa, kan manyan itatuwan cikin gari. Ziyara ɗaya ba ta kama duka biyun. A je sau biyu, ɗaya cikin Agusta ko Satumba, ɗaya cikin sanyi. In mai kuɗin aikin ya ce ba zai jira ba, to a zauna da mahalba da masunta da makiyaya a zana kalandar shekara wata-wata, me ke zuwa, me ke haihuwa, yaushe garke ke hawa arewa, yaushe yake saukowa bayan an saki gonaki, a sa wannan cikin takarda da sunan shaidar mutanen wurin.

Da an gama, a jera filayen gefe da gefe: itace nawa kowane zai ci, nisansa da layin ruwa, ko ya taɓa burtali, gonar mutum nawa zai shafa. Galibi wanda ya fi sauƙin ɓarna a fili yake fitowa.

Mataki na 3: aji

A aika sanarwar aiki da sakamakon taka fili zuwa ma'aikatar muhalli ta gunduma, ta wuce da su ta jiha a Maraɗi, inda akwai sashen da ke kula da tantance ayyuka, su kuma su haɗa da BNEE. Aji huɗu ne. A na manyan ayyuka masu babbar illa, ana yi musu cikakken bincike. B bincike ne taƙaitacce. C ba ya buƙatar bincike, sai jerin sharuɗɗan da za a bi. D ba a ɗora masa komai. Ba ƙaramar hukuma ke ba da aji ba, kuma kuɗin bincike kan mai aiki yake.

Dabarar da aka fi yi a nan ita ce yanyanka aiki. Yankan filaye na hekta 60 sai ya zo kashi shida na hekta 10, kowane da takardarsa, don kowane ya faɗa ƙaramin aji. In mai shi ɗaya ne, wuri ɗaya ne, a haɗe su a aika a matsayin aiki ɗaya. Haka nan ƙaramin aiki a wuri mai laushi ba ƙarami ba ne: wurin wankin mota kan tudu daban, bakin tabkin Madarunfa daban. A rubuta wannan ƙarara cikin wasiƙar rakiya.

Kafin masu bincike su fara, ana rubuta musu takardar abubuwan da za su bincika, BNEE ta amince da ita. Ku nemi ganin ta. Abin da bai shiga cikinta ba, ba zai fito cikin rahoto ba. In kun ga sawun barewa ko matattarar shamuwa, a nan za ku sa a rubuta.

Mataki na 4: taron jama'a

A yi shela mako ɗaya kafin ranar, ta rediyon gari da masallaci da mai shela, kuma kada a sa ranar kasuwa ko tsakiyar noman farko. A yi babban taro ƙofar mai gari, sannan a ware: mata daban, makiyaya daban tare da arɗonsu, masunta daban, samari daban. A gaban hakimi ba kowace mace ce za ta ce filin nan ne take yankan kaba ko tsinkar tafasa ba, makiyayin da ke wucewa sau biyu a shekara kuma ba ya cikin gari ranar taro sai an aika masa. A zo da taswira babba, a faɗi adadin itacen da za a sare da bakin Hausa, a nuna inda ramin marmara zai kasance. A rubuta abin da kowa ya ce, har da wanda ya ƙi, a karanta a bainar jama'a kafin a sa hannu. Takardar da ta ce "jama'a sun yi murna da aikin" kawai, ga jerin dangwale a ƙasa, ba ta da amfani ranar da rigima ta tashi.

In aikin zai ci gonaki don amfanin jama'a, dokar 61-37 wadda aka gyara da 2008-37 ta ce a biya diyya kafin a karɓi fili. A ƙirga itatuwan cikin gonar a cikin diyyar. Tun dikiri 2020-602 na 30 ga Yuli 2020, manomin da ya raini itace ta hanyar sassaben zamani, wato rainon tohon kututture a gona, yana da haƙƙi a kansa, kuma a jihar da wannan dabara ta fara bunƙasa tun shekarun 1980, a ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta Agye, gona da wuya ta rasa irin wannan itace.

Mataki na 5: karanta rahoto

Rahoto kan kai shafi ɗari ko fiye. A fara da wuri uku. Na ɗaya, babin da ya bayyana filin: a gwada shi da ƙidayarku. In ya ambaci dabbar da ba a taɓa gani a yankin ba, ko sunan wani gari ya ɓullo a tsakiya, an kwafo shi ne daga wani rahoto, a mayar. Na biyu, babin zaɓi: shin an gwada filaye da gaske, ko an rubuta "yin aiki" da "rashin yin aiki" kawai? Na uku, jadawalin matakan kariya, wanda ake kira PGES. Kowane layi nasa sai ya amsa abu biyar: me za a yi, wa zai yi, yaushe, jika nawa, da me za a gane an yi. "Za a wayar da kan ma'aikata" ba mataki ba ne. "Za a shuka itatuwa" ba tare da adadi da iri da wuri da mai ban ruwa ba, shi ma haka.

Akwai jeri da ake bi, kuma ba a tsallake shi: a kauce wa ɓarna tukuna, in ba hali a rage ta, a gyara abin da aka ɓata, diyya ce ta ƙarshe. Rahoton da ya fara da dashen itace ya fara ne daga wutsiya. Karkatar da hanya mita 15 don a bar kuka uku ya fi arha a kan dashe ɗari da rani zai kashe.

Mataki na 6: a sa sharuɗɗa cikin kwangila, da kuɗinsu

Ɗan kwangila ba ya karanta rahoton muhalli, takardar farashi yake karantawa. Duk matakin da ba shi da layinsa da kuɗinsa a cikinta ba za a yi shi ba. Ga waɗanda suka fi muhimmanci a yankinmu.

Faɗin shara. A ce hanyar marmara ce ta kilomita 5. In aka bar direban katafila ya share mita 20, an ci hekta 10. In gonakin na da itace 40 a hekta, itace 400 ke nan. In aka tsaya kan mita 12, hekta 6 ne, itace 240. A kafa turaku gefe biyu kafin injin ya shigo, a shafa jan fenti ga waɗanda za a sare kaɗai, bayan ma'aikatar gandun daji ta ba da izini an biya harajin sara. Itacen da aka sare na masu gona ne. Kada a yi sara daga Yuni zuwa Satumba, lokacin sheƙa.

Ramin marmara. Wannan hanya, in faɗinta mita 6 ne kaurin marmara santimita 20, tana cin mita kubik 6,000 bayan daɓe, wato wajen 7,800 a saki. In kaurin marmarar wurin mita 1.5 ne, ramin zai kai rabin hekta. A fara kankare ƙasar sama santimita 20 zuwa 30, a tara ta gefe, tudun kada ya wuce mita 2, don a cikinta irin ciyawa yake. Da an gama a kwantar da bakin ramin, mita 3 a kwance ga kowane mita 1 na zurfi, a mayar da ƙasar sama, a haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata (313 a hekta, faɗin kowane mita 4), a watsa irin gamba da sauran ciyawar wurin. Ramin da aka bari da baki a tsaye yana cika da damana, ya ci yara da dabbobi. In gari na son a bar shi ya zama wurin shan dabbobi, a rubuta haka, a kwantar da gefe biyu aƙalla.

Ɗibar yashi da yin bulo cikin tabki ko gulbi. Gaiwa cikin busasshiyar laka take kwana duk rani tana jiran ruwa, tarwaɗa da karfasa kuma a bakin ciyawa marar zurfi suke zuba ƙwai. Haƙa a bakin gaɓa na sa ta zabtare, yashi ya cike tabki. A keɓe wuri ɗaya, nesa da gaɓa da gindin gada, a hana saura.

Hanyar ruwa. Hanya ko katangar da ta datse ƙorama ba tare da isasshen kwalbati ba tana kashe itatuwa ta gefe biyu, na sama ruwa ya shaƙe su, na ƙasa ƙishi. Ruwan da aka matse cikin ƙaramin bututu kuma ya fita da ƙarfi ya yanka gebe. A nuna wa injiniya duk mashigar ruwa da aka gani ranar taka fili, a sa a jera duwatsu a bakin fitar.

Shinge. Ba a datse burtali ko hanyar mashaya. A yankin kiwo, in dole sai an yi shingen waya, ta ƙasa ta zama marar ƙaya, a ɗaga ta santimita 40 zuwa 45 don barewa da ƙananan dabbobi su wuce. Ramin bututu da zai kwana a buɗe a yi masa gangara kowane mita 50, a duba shi kowace safiya kafin a rufe, bushiya da kunkuru na faɗawa.

Sansanin ma'aikata. A ajiye shi da tankin gazuwal aƙalla mita 100 daga layin ruwa, kan daɓen siminti mai baki, baƙin mai a zuba cikin duro. A rubuta cikin kwangila cewa babu farauta, babu sayen naman daji, babu saran icen girki, kamfani ya kawo gaz. A arewa a share layin tare gobara mai faɗin mita 15 zuwa 20 kewaye da sansani tun Oktoba, lokacin da ciyawa ta bushe.

Garka kusa da ruwa, kamar a fadamar Jiratawa ko gefen Madarunfa. A bar ɗamarar ciyawa da itace tsakanin shuka da ruwa, a hana wanke famfon feshi da galan ɗin magani cikin tabki.

Dashe. A zaɓi irin wurin: gawo, aduwa, bagaruwa, dakwara, magarya, kuka. Dogon yaro na inuwar makaranta da bakin titi ne, ba ya maye gurbin daji. Kada a kai ƙayar nan ta Prosopis juliflora bakin ruwa, tana mamaye wuri. Rami santimita 40 ta kowane gefe, a dasa daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta bayan ruwa ya zauna, a yanke gindin leda a cire ta gaba ɗaya, a kewaye kowane da kariya, don akuya ta fi fari kashe dashe. Bikin dashen itace na 3 ga Agusta ya dace da lokacin, amma ranar biki ba a dasa ɗari biyar da kyau. Inda akwai kututture masu rai, rainon su ya fi dashe: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane, a sassabe saura, a biya masu gona ko kwamitin gari ladan tsaro na shekara biyu. In garmani ya mamaye makiyayar da ke kusa, tuge shi kafin ya yi iri da sake shuka ciyawa diyya ce da makiyaya za su gani da idonsu.

Mataki na 7: sa ido da karɓar aiki

Kada injin ya taɓa ƙasa sai kwafin takardar shaida ya iso ma'aikatar magajin gari. Ranar miƙa fili a ɗauki hoto daga wurare biyar ko shida da aka san lambarsu, don a riƙa komawa nan ɗin ana ɗauka. Ma'aikacin gandun daji ya leƙa sau ɗaya a mako, kullum kuwa a makon da ake shara da makon da ake buɗe rami, domin ɓarnar da ba ta gyaruwa a waɗannan kwanaki take faruwa. Kuɗin man babur ɗinsa ya fito daga kasafin sa ido, kada ya fito daga aljihun ɗan kwangilar da yake dubawa. A ajiye littafin koke gidan mai gari, kowane koke da ranarsa da ranar amsa. Abin da aka gani ba daidai ba a rubuta shi cikin littafin wurin aiki, a ba da wa'adi. In wa'adi ya wuce, a sanar da perefe da ma'aikatar muhalli ta jiha a rubuce.

Ranar karɓar aiki ta wucin gadi, a fara da ramin marmara da sansani kafin a je ga gini. In ba a gyara su ba, a rubuta cikin takardar karɓa, a riƙe kuɗin ƙarshe, don da zarar katafila ta hau tirela ta bar gari, dawo da ita sai an sake biya. Dashe kuma ba a ƙirga shi a Satumba, lokacin da komai ke kore. A ƙirga cikin Mayu, ƙarshen rani, a raba masu rai da adadin da aka dasa. In cikin 500 an sami 300, to 200 ne ɗan kwangila zai maye da damana mai zuwa, kuma kuɗin garanti na nan riƙe har sai an sake ƙirgawa a Mayu na gaba. Sakamakon duka, da taswira da hotuna da ƙidayar farko, a sa su fayil ɗaya a ofishin COFOCOM, a aika kwafi ga COFODEP.